Ajin Farko a Jirgin Sama: Me Ya Sa Na Wani Kamfani Ɗaki Ne Da Gado, Na Wani Kuma Kujera Ce Kawai?

A shekarar 2016, fitaccen mai haɗa bidiyon nan na YouTube, Casey Neistat, ya wallafa wani bidiyo da ya ɗauka a cikin jirgin Emirates daga Dubai zuwa New York. Kamfanin ne ya ɗaga masa tikiti kyauta zuwa ajin farko, wurin da ya ce kuɗinsa ya kai dala 21,000. Ya nuna ƙofar da ke killace shi shi kaɗai, ya nuna gado, sannan ya shiga banɗaki ya yi wanka da ruwan ɗumi alhali jirgi na tsakiyar sararin samaniya. Miliyoyin mutane suka kalla. Tun daga nan irin waɗannan bidiyoyi suka cika YouTube da TikTok da Instagram, har ta kai duk matashin da ke riƙe da waya ya ɗauka cewa da zarar an rubuta First Class a jikin tikiti, to ɗaki da gado da shawa ake nufi.

Ba haka abin yake ba. Babu wata hukuma a duniya da ta ƙayyade abin da kamfanin jirgi zai tanada kafin ya kira wani sashe ajin farko. Suna ne na talla, kowa na liƙa shi inda ya ga dama. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai fitar da kuɗi. Tikitin zuwa da dawowa a ajin farko kan doguwar tafiya yakan haura dala 10,000, kuma ba attajirai kaɗai ke saye ba. Akwai 'ya'yan da kan haɗa kuɗi don mahaifinsu da ba shi da lafiya ya samu ya miƙe bayansa a hanyar zuwa asibiti a waje, ko don gyatumarsu ta je Umara cikin hutu. Sau da yawa ƙaramin gidan, wanda ya fi kowa iya danna waya, shi ake ba aikin neman tikitin. Idan bai san bambancin ba, sai a biya kuɗin ɗaki a samu kujera.

Suna ɗaya, kaya daban-daban

A Amurka, kamfanoni irin su Delta da United da American suna kiran kujerun gaba na jiragensu na cikin gida ajin farko. Kujera ce mai ɗan faɗi, mai kwanciya baya kaɗan, da ƙarin wurin miƙe ƙafa da abinci a faranti. Ba ta zama gado, ba ta da ƙofa. Abin dariya shi ne a kamfanin Delta, sashen da ya fi tsada, wanda kujerunsa ke shimfiɗewa su zama gado, sunansa Delta One, kuma a lissafi ajin 'yan kasuwa ne. Wato a can, ajin 'yan kasuwa ya fi abin da ake kira ajin farko daraja.

Qatar Airways ma yana da irin tasa dabarar. A gajerun tafiye-tafiye na yankin Gulf, kamar daga Doha zuwa Jidda, yana sayar da sashen gaba da sunan ajin farko, alhali kujerun na ajin 'yan kasuwa ne. Ribar da fasinja ke samu tana ƙasa ne, domin tikitin yana ba shi damar shiga zauren jira na Al Safwa a filin jirgin Doha. Ainihin ajin farko na kamfanin yana cikin jiragensa ƙirar A380, masu kujeru takwas a wannan sashe, sai wasu 'yan tsirarun jirage ƙirar Boeing 777.

Akwai kuma manyan kamfanonin da ba su da ajin farko kwata-kwata. Turkish Airlines ba shi da shi. Ethiopian Airlines, wanda mutanen Kano suka sani sosai, abin da yake da shi a sama shi ne ajin 'yan kasuwa mai suna Cloud Nine. KLM na Holan ya soke nasa tun cikin shekarun 1990. United ya cire nasa na ƙasa da ƙasa ya maye gurbinsa da Polaris, American kuma ya sanar a 2022 cewa zai bi sahu.

Dalilin wannan ja da baya ya samo asali ne daga shekarar 2000, lokacin da British Airways ya kawo kujerar da ke zama cikakken gado a ajin 'yan kasuwa. Kafin nan, kwanciya a miƙe ita ce babban abin da ajin farko ke taƙama da shi. A 2017 sai Qatar ya ƙara da Qsuite, kujerar ajin 'yan kasuwa mai ƙofar zugewa. Da gado da ƙofa suka sauko ƙasa, sai ya rage wa kamfanoni zaɓi biyu: ko su rufe ajin farko, ko su mayar da shi wani abu da ya wuce kujera. Waɗanda suka zaɓi na biyun su ne ake gani a bidiyo.

Masu ɗakuna a sama

Singapore Airlines ne ya fara ɗaukar fasinja da jirgin A380 mai hawa biyu, a watan Oktoban 2007, daga Singapore zuwa Sydney. Da shi ya ƙaddamar da ɗakuna 12 masu ƙofa da ya kira Suites. Bayan shekara goma, a 2017, ya rage su zuwa shida kacal, ya mayar da su saman bene, kowanne ya ƙara girma. A cikin sabon ɗakin akwai kujerar fata mai juyawa a gefe guda, akwai gado daban a ɗaya gefen, ga allo mai inci 32. Fasinja ba ya buƙatar a naɗe masa kujera kafin ya kwanta, sai dai dole ya koma kan kujerar ya ɗaura bel a lokacin tashi da sauka. Idan mata da miji ne suka ɗauki ɗakunan layi na ɗaya da na biyu, ana sauke bangon da ke tsakani gadajen su haɗu su zama ɗaya. Abin da Singapore ba shi da shi shi ne wurin wanka.

Wanka kuwa, Emirates ne ya fara kawo shi a 2008. Kowane A380 ɗinsa mai ajin farko yana da ɗakuna 14 da banɗakunan wanka biyu a gaban bene. Ana ba mutum kimanin minti 30 a ciki, amma ruwan minti biyar ne kawai, kuma akwai fitilar da ke nuna masa sauran lokacinsa. Zai iya tsayar da ruwan ya sa sabulu sannan ya sake kunnawa, kamar yadda duk wanda ya taɓa wanka da rabin bokiti ya iya. Ruwa nauyi gare shi, nauyi kuma mai yake ci, shi ya sa aka yi wannan ƙididdiga. Daɓen banɗakin yana da ɗumi, akwai kuma benci a cikin shawar saboda idan jirgi ya shiga gargada mutum ya zauna.

Etihad na Abu Dhabi ya wuce kowa a ƙarshen 2014 da abin da ya kira The Residence: falo, da ɗakin kwana mai gadon mutum biyu, da banɗaki mai shawa na mai ɗakin shi kaɗai, duka a fili mai faɗin murabba'in ƙafa 125. Guda ɗaya ne tak a jirgi. Bayansa akwai ɗakuna tara na ajin farko da ake kira Apartments, kowanne da kujera da doguwar kushin da ke zama gado. Annobar korona ta sa kamfanin ya ajiye jiragen A380 ɗinsa, sai a watan Yulin 2023 ya dawo da su kan hanyar Landan.

Ga mai sha'awar na'urori, ɗakin da ya fi ɗaukar hankali shi ne wanda Emirates ya fito da shi a 2017 a wasu jiragensa ƙirar Boeing 777. Ɗakuna shida ne, uku a kowane layi, bangonsu daga ƙasa har rufi. Matsalar ita ce ɗakin tsakiya ba shi da taga. Sai aka saka masa allo mai siffar taga, aka ɗora kyamarori a jikin jirgin daga waje, suna aiko da hoton abin da ke faruwa kai tsaye. Da rana hoton yana da kyau ƙwarai, da dare kuma yakan rage armashi, kamar yadda kyamarar waya ke yi idan haske ya yi ƙaranci. Fasinja na iya kiran ma'aikacin jirgi ta bidiyo daga kan kwamfutar hannu da ke ɗakin, ya saita sanyin ɗakinsa da launin fitilu, a kuma miƙo masa shayi ta wata ƙaramar taga ba tare da an buɗe ƙofa ba. Masu ɗakunan gefe, da ke da taga ta gaske, an ajiye musu madubin hangen nesa.

Japan Airlines ya zo da tasa fasahar a watan Janairun 2024, a jirginsa A350-1000 da ya fara zirga-zirga tsakanin Tokyo da New York. Ɗakuna shida, allo mai inci 43, sannan lasifiƙa a cikin matashin kan kujera, ta yadda mutum zai kalli fim ba tare da ya sa komai a kunne ba, maƙwabcinsa kuma bai dame shi ba. Kamfanin Safran ne ya haɗa ta tare da Devialet, masu ƙera kayan sauti na Faransa.

Air France ya bi wata hanya. Sashensa mai suna La Première kujeru huɗu ne kawai a jirgi, kuma maimakon ƙofa labule ne mai kauri daga rufi har ƙasa. A hoto ba ya burgewa kamar zinaren Emirates, amma labulen yana rufewa ruf, abin da ƙofofi da yawa ba sa yi. Mafi yawan ƙofofin da ake gani a jirage iyakarsu kafaɗa ko ka, duk wanda ya wuce a tsaye zai iya leƙowa. Ƙa'idojin kiyaye haɗari ne suka jawo haka, kuma su ne suka wajabta a bar ƙofofin a buɗe a lokacin tashi da sauka. Sabon samfurin La Première da ya fara aiki a 2025 ya mamaye tagogi biyar, da kujera da doguwar kushin da ke zama gado mai tsawon mita biyu.

Waɗannan ɗakuna suna da nauyi na gaske. A 2024 kamfanin SWISS ya tabbatar da cewa sabon ajin farkon da zai saka a jiragensa A330 zai sa gaban jirgin ya rinjayi bayansa, don haka sai an dasa ƙarfe mai nauyin fiye da tan ɗaya a baya don a daidaita. Wato jirgi zai riƙa yawo da dalma a wutsiya saboda hutun mutum ƙalilan a gaba.

Kamfani ɗaya ma ba ya zama ɗaya

A nan ne mai saye ya fi faɗawa rami. Mutum ya ga bidiyon wanka a Emirates, ya sayi ajin farko daga Legas, ya shiga jirgi bai ga shawa ba. Ba a yaudare shi ba, bai duba ƙirar jirgin ba ne. Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya a 2022 saboda kuɗaɗensa da suka maƙale, ya dawo Legas a ranar 1 ga Oktoban 2024 da Boeing 777-300ER mai ɗakuna takwas na ajin farko. Ɗakuna ne masu kyau da ƙofa, amma shawa da falon shaƙatawa a A380 kaɗai suke. Haka kuma ɗakunan nan masu tagar kyamara a jirage ƙalilan aka saka su, sauran 777 ɗin tsohon tsari ne.

Singapore ma haka. Ɗakin da ke da gado daban a A380 kawai yake. Ajin farkonsa a Boeing 777 kujeru huɗu ne masu faɗi sosai, ba ƙofa. Lufthansa yana da sabon tsari mai suna Allegris a jiragensa A350, da dogayen bango da kujerar da ake iya ɗumamawa ko sanyayawa, amma ajin farkon da ke hancin Boeing 747-8 ɗinsa kujeru takwas ne a buɗe, kowa na ganin kowa.

Su kansu jiragen A380 ba su da yawa. Airbus ya daina ƙera su a 2021 bayan ya miƙa 251, kuma Emirates kaɗai ya karɓi 123 daga ciki. Duk wani abin alfarma da ya dogara da faɗin wannan jirgi, ƙaruwarsa ta tsaya.

Abin da kyamara ba ta ɗauka

Wanda ya yi tafiyar awa goma sha biyu ya san cewa gajiyar ba daga kujera kaɗai take fitowa ba. Iskar cikin jirgi tana da nata rabon. Jirage masu jikin alminiyom ana saita matsin iskarsu ne kamar mutum na kan dutse mai tsawon da ya kai ƙafa 8,000. Boeing 787 da Airbus A350 kuwa, da yake an gina jikinsu da haɗin zaren kabon mai jure matsi kuma ba ya tsatsa, ana sauko da shi zuwa kimanin ƙafa 6,000, ana kuma iya barin ƙarin damshi a iska. Sakamakon shi ne ƙarin iskar shaƙa a jini, da raguwar ciwon kai da bushewar ido. Wannan amfani kowa a jirgin yana samun sa, har na kujerar ƙarshe. Ga dattijo ko maras lafiya, ajin 'yan kasuwa a A350 na iya fi masa ajin farko a tsohon jirgi sauƙi a jiki.

Wani abin mamaki shi ne ajin farko ya fi ko'ina bushewa a cikin jirgi. Yawancin damshin da ke cikin iskar daga numfashin fasinjoji yake fitowa, gaba kuwa mutane ba su da yawa. Wanda ya biya mafi tsada shi ke shaƙar iskar da ta fi ta hunturun Arewa bushewa. Lufthansa ya saka na'urar ƙara damshi a ajin farkon A380 ɗinsa saboda wannan dalili. Ba abu ne da zai yi kyau a TikTok ba, amma leɓe da maƙogwaro suna shaidawa.

Bushewar da ƙarancin matsi suna shafar har ɗanɗano. Wani bincike da cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta yi wa Lufthansa a 2010 ya nuna cewa jin gishiri a baki na iya raguwa da kusan kashi 30 cikin ɗari a yanayin cikin jirgi. Shi ya sa kamfanoni ke ƙara kayan ƙamshi, kuma abinci mai romo da yaji ya fi gasasshen nama yin daɗi a sama.

Intanet, allo da caji

Shekaru da dama intanet ɗin jirgi abin takaici ne, ko a wane aji mutum yake. Dalili shi ne jiragen suna haɗuwa da taurarin ɗan'adam da ke tsaye a nisan kilomita 35,786 daga ƙasa. Kafin saƙo ya je ya dawo, an ci fiye da rabin daƙiƙa, ga kuma ɗaruruwan mutane suna rabon layi ɗaya. Saƙon WhatsApp zai wuce, kiran bidiyo kuwa sai haƙuri.

Starlink ya sauya wannan lissafi. Taurarinsa suna yawo ne a nisan kimanin kilomita 550, don haka jinkirin ya ragu sosai. 'Yan Najeriya sun riga sun san shi, domin nan ce ƙasar Afirka ta farko da ya fara aiki, a watan Janairun 2023. Qatar Airways ya tashi jirginsa na farko ƙirar 777 mai Starlink a watan Oktoban 2024, Air France da United sun shiga layi, Emirates kuma ya sanar a watan Nuwamban 2025 cewa zai saka wa dukkan jiragensa. Abin lura a nan shi ne a Qatar kyauta ne ga kowa. Ɗalibin da ke can baya a ajin gama-gari yana samun saurin da mai ɗaki ke samu. Intanet ya fita daga jerin abubuwan da ake sayen ajin farko dominsu, abin tambaya yanzu shi ne ko an riga an saka wa wannan jirgin na'urar.

A ɓangaren sauti, Emirates yana ba da na'urar kunne mai kashe ƙara ta Bowers & Wilkins, Singapore kuma ta Bang & Olufsen. Sababbin kujeru suna karɓar Bluetooth, mutum ya haɗa tasa da allon jirgi, suna kuma da USB-C da wurin ɗora waya ta yi caji ba tare da waya ba. Tsofaffin ɗakuna, komai kyallin katakonsu, sau da yawa tsohuwar kafar USB ce mai jan ƙafa. Gara mutum ya riƙe kan cajarsa ya soka a soket.

Kada kuma a dogara da fawa bank. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada ya wuce 100Wh, wato kimanin 27,000mAh, kuma a jakar hannu ake riƙe shi, ba a cikin kayan da ake aunawa ba. Saboda fargabar gobarar batir, Singapore ya hana amfani da shi a cikin jirgi daga watan Afrilun 2025, Emirates ya bi baya daga 1 ga Oktoban shekarar. Dokar ba ta ware mai tikitin dala dubu ashirin ba.

Rabin kuɗin a ƙasa ake cin sa

Kamfanonin Turai, da ɗakunansu ba su kai na Larabawa ƙawa ba, sun fi zuba ƙarfinsu a filin jirgi. Lufthansa yana da gini guda na musamman a Frankfurt tun 2004, domin fasinjojin ajin farko da manyan abokan hulɗarsa. A nan ake duba kaya da fasfo, a ci abinci, a yi wanka, sannan a ɗauki mutum a mota ƙirar Porsche ko Mercedes har gindin jirgi. Air France yana yin makamancin haka a Paris, inda abincin zauren jiransa yake ƙarƙashin shahararren mai girki Alain Ducasse. Amma duk wannan a cibiyar kamfanin yake. Wanda ya taso daga wani filin jirgi a wata ƙasa, galibi zauren haya za a kai shi, tare da 'yan ajin 'yan kasuwa na kamfanoni biyar.

Sai batun abinci da abin sha, inda lissafin fasinja Musulmi ya sha bamban da na mai bidiyon da yake kallo. Kaso mai tsoka na abin da ake yabawa a ajin farko giya ce mai tsada. Masu sharhi na Turai sukan ba kamfani maki ne bisa irin kwalbar da ya buɗe musu. Ga wanda ba ya sha, wannan kuɗi ne da ya biya a banza, kuma ra'ayin mai sharhin bai kamata ya zama ma'auninsa ba. Abin da ya fi shafar sa shi ne halaccin abincin. Emirates da Qatar da Etihad da Saudia duk abincinsu halal ne. A kamfanonin Turai da na gabashin Asiya kuwa sai an nema tun kafin ranar tafiya, da lambar MOML, kuma abin da za a kawo ba lalle ya kai ƙawar jerin abincin da sauran ke zaɓa ba. Saudia, wanda yake da ajin farko a wasu daga cikin 777 ɗinsa, ba ya raba giya ko kaɗan, kuma manyan jiragensa suna da wurin salla. Singapore yana da tsarin Book the Cook, inda fasinja ke zaɓar abincinsa ta manhaja kwanaki kafin tashi.

Lambobin yabo fa?

Kamfanin Skytrax na Birtaniya yana raba kyaututtuka duk shekara, kuma Singapore Airlines ne ya lashe na ajin farko a 2023 da 2024. Ba laifi a duba, amma da taka-tsantsan. A 2017 Skytrax ya ba Lufthansa tauraro biyar, kuma cikin hujjojin har da wata sabuwar kujera da ba a ma fara sakawa a jirgi ba. An janye tauraron na biyar a 2022, kujerar kuwa sai a 2024 fasinjoji suka zauna a kanta. Etihad ma ya taɓa ficewa daga tsarin a 2014 saboda rashin gamsuwa da yadda ake auna kamfanoni. Kyautar tana magana ne kan mafi kyawun abin da kamfani ke da shi, ba jirgin da zai tashi ranar Talata ba. Haka su ma masu bidiyo: da yawansu gayyatar su aka yi, ko kuma ma'aikatan sun ga kyamara sun gane su.

Yadda ake tantancewa da waya

Minti goma sun isa. A Google Flights, idan aka buɗe bayanin tafiya, ana ganin ƙirar jirgin da irin kujerar, ko mai kwanciya kaɗan ce, ko mai zama gado, ko ɗaki. A nan ne kuma ake gano tarkon tafiya mai zango biyu. Qatar yana zuwa Kano tun watan Maris na 2022, amma jiragensa 787 da A350 ba su da ajin farko. Tikiti na iya ɗauke da sunan ajin farko alhali doguwar tafiyar, daga Najeriya zuwa Doha, a ajin 'yan kasuwa za a yi ta, sunan kuma na ɗan gajeren zangon ƙarshe ne. Harafin da ke jikin kowane zango yana taimakawa: F da A galibi ajin farko ne, J da C ajin 'yan kasuwa, Y kuma gama-gari.

Daga nan sai taswirar kujeru. Shafin aeroLOPA yana da zanen cikin jiragen manyan kamfanoni dalla-dalla, har da inda tagogi suke. Idan taswirar 777 na Emirates ta nuna ɗakuna shida, uku a layi, sabon tsari ne. Idan takwas ne, huɗu a layi, tsohon ne. A manhajar Flightradar24 kuma ana iya saka lambar tafiyar a ga jiragen da suka yi ta cikin kwana bakwai da suka wuce ba tare da biyan ko sisi ba, a san ko kamfanin yana yawan sauya jirgi a wannan hanya.

Sauyin jirgi shi ne abin da ba a iya kaucewa gaba ɗaya. Kamfani na iya canza A380 da 777 ana saura awa kaɗan a tashi, kuma muddin ya ba fasinja wuri a ajin da ya saya, yawanci ba ya ɗaukar cewa ana bin sa bashin komai, ko da shawar da aka yi ɗoki ta tafi. Idan kuwa an mayar da mutum ajin da ke ƙasa, yana da haƙƙin neman a dawo masa da wani kaso. A tafiye-tafiyen da suka taso daga ƙasashen Tarayyar Turai, doka mai lamba 261 ta 2004 ta ƙayyade kashi 75 cikin ɗari na kuɗin zangon idan nisansa ya wuce kilomita 3,500. Don haka yana da kyau a ɗauki hoton allon waya na tikitin da taswirar kujeru tun ranar da aka biya, a kuma adana katin shiga jirgi har sai kuɗin sun shigo asusu.